Inna Hajjo Mai Kaji

Kwana uku cur Inna Hajjo ta sha iskar fankarta. Uku, ba ƙari. Na faɗi adadin tun yanzu ne don kada wani ya ga hotonta a jikin kalanda tana murmushi, ya ɗauka cikin sanyi ta tsufa.

Wata ƙungiya ce ta shigo Madadi da tallafin wutar sola ga tsofaffi masu ciwon suga, irin waɗanda ke yi wa kansu allura kullum. Dalilinsu kuwa mai kyau ne, don ruwan allurar nan ba ya son zafi, in ya sha rana ya tashi daga aiki. Duk wanda sunansa ya fito, za a kafa masa faifai biyu a kan rufi, a ba shi batir da 'yar firji da fanka da ƙwan fitila biyu, kyauta. Sharaɗin ɗaya ne: kaya su zauna inda mai ciwo yake zaune, kuma duk ƙarshen wata jami'arsu za ta zo ta ɗauke shi hoto tare da su.

Lailatu, autar Hajjo da ke aure a Durun, ita ta yi ta zirga-zirgar fom ɗin har silifas ɗinta ya tsinke. Ita ce kuma ta kai uwar asibiti a Gwarzo, inda likita ya duba wani ɗan gyambo a babban yatsan ƙafarta ta hagu, ya ɗago ya ce, "Inna, abu biyu zan gaya miki. Allura ta zauna a sanyi, amma kada ta daskare. Ƙafa kuma ta zauna a tsafta. In an kiyaye zai warke. In an yi wasa, ƙafar ce za ta tafi."

Hajjo ta ce, "To."

Ranar da aka kafa kayan, matan unguwa suka yi ta shigowa suna taɓa firjin, suna sa hannu a ciki suna cirewa da salati. Hajjo ta zauna a gaban fanka ta zame ɗankwali, iska tana kaɗa furfurarta. Bazara ce ta sosai, ko inuwa turiri take yi. Ta ce wa Lailatu ashe haka masu hali suke ji, shi ya sa ba sa son mutuwa.

A rana ta huɗu Abdulmumini ya tsaya a tsakar gida, ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗakinta yana girgiza kai.

Shi ne ɗanta na fari, shi ne kuma mai gidan tun rasuwar mahaifinsa. To Hajjo jinin Fulani ce. Shanu sun ƙare tun zamanin kakanni, amma kunya ba ta ƙare ba. Shekara arba'in da shida ke nan bakinta bai taɓa furta sunan ɗan nan ba. "Wannan" take ce masa, in ta matsu ta ce "yayan Lailatu". Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta roƙonsa, ba ta musa masa, ba ta yabonsa a gaban mutane, balle ta kai ƙararsa. Shi kuwa ya san da haka sarai, kamar yadda ya san hanyar ɗakinsa.

"Inna," ya ce, "ni dai hankalina bai kwanta ba tun da aka ɗora miki ƙarafan nan a ka. Kwanon ɗakin nan ya girme ni. Iska ɗaya mai ƙarfi, sai a ji labari ana cewa yana cikin gidan faifai ya faɗo wa uwarsa. Ina zan sa kaina?"

Hajjo ta dubi ƙasa.

"Ga sabon ɗakin can na bulo a ƙuryar gida, rufinsa garau. A mayar da su can, don lafiyarki."

Ka ji dacewa! A ranar, da la'asar, sai ga mota ta sauke 'yan tsaki ɗari uku, irin na gidan gona waɗanda ba sa rayuwa sai da fitila da fanka, aka zuba su a wannan ɗakin na bulo. Abdulmumini ya ce shi kansa abin ya ba shi mamaki, yadda Allah ya haɗa.

Firjin kuwa matarsa Zulaihat ce ta tausaya. Ta ce bai kamata tsohuwa mai ciwon baya ta riƙa sunkuyo tana buɗe firji ba, alhali tana da suruka a gida. A kai shi ɗakinta, ita za ta riƙa kawo allurar safe da yamma. Aka ja waya, aka kai. Kafin Juma'a ta zagayo firjin ya cika maƙil da zoɓo da kunun aya a ƙulle cikin leda, masu saye suna sallama a ƙofa.

Da safe Zulaihat ta kawo kwalbar allura a kan faranti, tana fara'a.

"Inna, wajen da ya fi ko'ina sanyi na ba ki, can sama wajen ƙanƙara. Ko zoɓona ban sa a nan ba wallahi."

Kwalbar ta daskare kamar tsakuwa. Hajjo ta tuna maganar likita, ta buɗe baki, sai ta ga yadda yarinyar ke jiran godiya. Ta ce Allah ya yi albarka. Zulaihat ta ɗora kwalbar a kan katanga don rana ta narkar da ita, ta shiga tace zoɓo, ba ta tuna ba sai da aka kira azahar. Haka aka yi ta yi, yau ƙanƙara gobe rana. Ranar da ciniki ya yi yawa kuma, sai kwalbar ta rasa wuri a ciki gaba ɗaya, a ɗora ta a saman firjin inda yake huci. Zulaihat ta ce ai duk jikin firji ne.

Hajjo ta koma ga maficinta. Gyambon da ya fara kamewa ya sake buɗewa.

Wata ya cika, jami'ar ta bugo waya ta ce gobe tana tafe. Abdulmumini ya shiga tsaka mai wuya. A kwance faifai a mayar ɗakin Inna, wuni guda ke nan babu fanka, kaji kuma sun fara nauyi, zafin awa biyu ya isa ya kwantar da su. Ya ɗauko takardar sharaɗi ya karanta, ya sake karantawa, sai ya buga cinya.

"Zulai! Zo ki ji. Kaya su zauna inda mai ciwo yake zaune. To ai ba su ce wa zai bi wani ba!"

Da sassafe aka ciccibi gadon Hajjo, da tabarmarta da butarta da carbinta da jeren kwallayenta, aka kai ɗakin kaji. Aka kora kajin gefe guda, aka ɗaura igiya aka rataya tsohon zanin gado ya raba ɗakin biyu. Aka turo firji. Zulaihat ta turara wurin da turaren wuta har ido yana yaji. Daga ƙarshe aka zo aka ɗauki Hajjo ita ma, aka ajiye a bakin gado.

Jami'ar, Malama Badi'a, yarinya ce 'yar birni, mai ladabi, da waya a hannu ɗaya da fom a ɗayan. Ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, ina kwana? Ya jiki? Ya zafi?"

"Alhamdulillahi."

"Kina jin daɗin kayan?"

Kafin Hajjo ta amsa, fanka ta juyo ta ɗage zanin gadon sama. Kaji ɗari uku suka zuba wa Malama Badi'a ido.

Zulaihat ta sulale ta yi waje. Hajjo ta ce a ranta yau dai Allah ya kawo ƙarshen abin ba tare da ta buɗe baki ba.

"Wannan fa?" in ji Badi'a.

Abdulmumini ko gezau. "Na Inna ne. Tun da wuta ta zo ta ce ita fa ba za ta zauna hannu rabbana ba. Mun yi mun yi, ta ƙi. Ko kwana ba ta yarda ta yi nesa da su."

Idon Badi'a ya kawo haske. Ta buɗe firji, ledojin zoɓon da aka manta a ƙasa suka gangaro.

"Har da zoɓo?"

"Ai Inna ba ta zama."

"Kai, masha Allah! Shekararta nawa?"

"Saba'in da ɗoriya."

Badi'a ta yi ta rubutu har biro yana ƙara. Sannan ta gyara zama ta ce akwai tambayar da doka ta ce sai daga bakin mai kaya za a ji amsarta.

"Inna, akwai wani da yake amfani da kayan nan ba ke ba? Kada ki ji tsoro. In akwai, faɗa min sunansa kawai, in rubuta."

Sunansa! Duk tambayoyin duniya a rasa wadda za a yi wa Hajjo sai wannan. Sunan ya taso mata har maƙogwaro ya tsaya. Ga mai sunan tsaye a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ta sunkuyar da kai tana murza carbi. Da wata tsohuwar Madadi ce ke riƙe da fom ɗin, da wannan sunkuyon kaɗai ya ishe ta amsa. Amma Badi'a ta tashi ne a unguwar da uwa ke ƙwala wa ɗan farinta kira daga wannan layi zuwa wancan. Ta jira kaɗan, ta rubuta "babu".

"Akwai wani ƙorafi?"

"Alhamdulillahi," in ji Hajjo.

Aka ɗora mata kaza a cinya, aka ce ta yi murmushi, aka ɗauki hoto.

Sati uku bayan nan, sai ga hoton a jikin kalanda, an rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe: DAGA JINYA ZUWA SANA'A. Ƙungiya ta zaɓi Inna Hajjo gwarzuwar shekara. Aka ƙara mata faifai biyu da babban batir don bunƙasa kasuwancinta. Sai dai an ce tun da ta zama abin misali, za a riƙa kawo baƙi su gan ta a kowane lokaci, ba sai an bugo waya ba.

Abdulmumini ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, murya ƙasa-ƙasa, irin ta ɗa mai biyayya.

"Inna, wannan ɗauki gado mayar da gado wahalar da ke yake yi. Ki zauna can kawai. Ga fanka, ga fitila. Ba su aka ba ki ba tun farko? Ni ba zan so a ce na raba ki da haƙƙinki ba."

Haka Hajjo ta tare a ɗakin kaji. Nata ɗakin, wanda ta haifi 'ya'ya bakwai a ciki, aka cika shi da buhunan abincin kaji, don an ce ya fi ko'ina bushewa. Aka sayar da kajin farko, aka zubo ɗari bakwai. Zanin gadon da ya raba ɗakin aka cire shi, wai yana tare musu iska.

Wuta kam ta same ta, har ta yi mata yawa. Fitilar ba a kashe ta ko na minti ɗaya, don an ce in duhu ya yi kaji suna daina ci. Fanka kuma su take kallo, in ta juyo wajen Hajjo sai ta kwaso mata ƙura da gashi ta watsa mata a fuska. Ƙasan ɗakin ɓuntun shinkafa ne da kashin kaji, a jiƙe, a ciki take taka ƙafar da likita ya ce a tsaftace. In za ta yi salla sai ta share wuri da mafici, kafin ta kai sujada sun dawo. Akwai ranar da ta sallame ta tarar da ɗaya ta kwanta a kan carbinta.

Baƙi suka yi ta zuwa, masu manyan motoci, suna toshe hanci da hankici suna tafa mata. Wani mai tabarau ya durƙusa ya ce shi ma yana sha'awar kiwo, mene ne sirrin nasararta?

Hajjo ta dubi kajin ta ce, "Su dai suna ci."

Ya juya ya fassara wa 'yan'uwansa, suka gyaɗa kai, suka rubuta.

Ita kuwa ƙishirwa ta addabe ta, ta sha ruwa ta sha, kamar ana zubawa a rairayi. Jiki ya zube. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi daga yatsa zuwa idon sawu, ta fara wari. Ta ce wa Zulaihat a hankali, ko dai a duba ƙafar nan, tana jin kamar tana tashi. Zulaihat ta shaƙi iska ta ce, "Haba Inna, warin kaji ne. Ni ma har a tuwo nake jin sa."

Wata rana bayan azahar gyangyaɗi ya ɗauke ta a zaune, ƙafa a ƙasa. Da ta farka sai ta ga kaji biyu sun warware tsumman da ta ɗaure yatsan da shi, suna tsattsagar wurin, ɗaya ma har da ja da baya tana fizga. Ba jinin ne ya tsorata ta ba. Abin da ya tsorata ta shi ne ba ta ji komai ba, ko kaɗan, sai ka ce ƙafar maƙwabta ake ci. Ta kore su da mafici, ta mayar da tsumman, ta zauna tana kuka ba sauti.

A haka Lailatu ta same ta. Duk wayar da take bugowa daga Durun amsa ɗaya ce, lafiya lau, sai da wata mai kai zoɓo ta tsegunta mata. Ta tsaya a ƙofar ɗakin da mayafi a hannu, ta kasa shiga. Da ta buɗe ƙafar kuwa sai ta ƙwala ihu.

"Yaya! Yaya Abdulmumini! Fito ka gaya min abin da uwarmu ta yi maka!"

Ya fito yana goge hannu. "Ke, rage murya, kina firgita su. In suka firgita ba sa nauyi."

"Su wa? Kaji? Uwarka ce a cikin kashinsu!"

"A cikin kayanta dai. Duk Madadi wace tsohuwa ce ke kwana da fanka da fitila? Wace ce ke jikin kalanda? Ke kina can gidan wani, ni nake ci da ita, ni nake sha da ita. Kin zo wuni ɗaya za ki koya min riƙon uwa."

"A kai ta asibiti yau."

"Za a kai ta. Laraba manyan baƙi za su zo ɗaukar bidiyo, in sun tafi a kai ta. Kwana shida ne. Ciwon da ya yi wata huɗu, kwana shida ne zai gagare shi?"

Lailatu ta ciro waya ta ce yanzu za ta kira Malama Badi'a ta gaya mata komai. Sai ga muryar Hajjo daga cikin kaji, da ƙarfin da ba a san tana da shi ba.

"Lailatu. Ajiye wayar nan."

"Inna!"

"Ki tona wa ɗan'uwanki asiri a gaban bare? A zo a kwance kaya ana kallo, a ce wa ya jawo? In kin kira ta ban yafe ba."

"To tashi mu tafi Durun, in yi jinyarki."

"Gidan suruki? Ina da ɗa namiji a raye in je in tare a gidan suruki? Me za a ce da shi?"

"Kin ji ko," in ji Abdulmumini. "Kuma ko ta yarda, takarda ba ta yarda ba. Kaya ba sa barin mai ciwo, mai ciwo ba ya barin kaya."

Lailatu ta je wajen kawunsu, ya ce a yi haƙuri, maganar gida ba ta fita waje, kuma yaron nan ko Sallar da ta wuce sai da ya aiko masa da kaji biyu. Ta dawo ta wanke ƙafar da ruwan gishiri tana hawaye, ta ɗauki kwalbar allurar ta kai wa wani mai kemis. Ya ɗaga ta a haske ya girgiza, ya ce wannan ta daɗe da mutuwa, da ita da ruwan randa duk ɗaya. Ta sayo sabuwa ta damƙa wa Zulaihat, ta roƙe ta don girman Allah. Zulaihat ta ce in sha Allahu, ta kai ta can sama wajen ƙanƙara.

Laraba ta zo, Hajjo tana rawar ɗari da zazzaɓi. Aka ɗaura mata sabuwar atamfa, aka ja zanin har ƙasa ya rufe ƙafar, aka shafa mata hoda. Mota uku suka tsaya a ƙofar gida. Mai ɗaukar bidiyo ya ce zaman ya isa haka, yana son a ga Inna a tsaye tana zuba wa kajinta abinci. Aka miƙa mata kwano. Ta dafa gado ta miƙe, don ba ta iya cewa a'a ga baƙo. Ta yi taku ɗaya. A na biyu ɗakin ya juya, ta kife a tsakiyar kaji ɗari bakwai, suka tashi fuu, sannan suka dawo kan abincin da ya zube a jikinta.

A motar Badi'a aka kai ta Gwarzo. Tana kwance a baya tana jin muryar ɗanta a gaba yana bayani.

"Aiki ne ya yi mata yawa. Mun yi mun yi ta huta, ta ƙi."

Likita ya buɗe ƙafar, ya rufe, ya je ya wanke hannu. Washegari aka yanke ta daga saman gwiwa.

Kwana tara bayan nan, da la'asar, lokacin shigar masu dubiya, ɗakin mata ya cika da 'yan'uwan marasa lafiya da kwanukan abinci. Lailatu tana yi wa uwar fifita. Hajjo ta kasa sabawa da kallon zanin rufarta, yadda ya tashi a dama ya kwanta shafal a hagu. Sai ga Abdulmumini da Zulaihat, da soyayyar kaza a kula. Bayansu Malama Badi'a, idonta jawur, don ita har ga Allah tana son tsohuwar.

"Inna, tun ranar ban yi barcin kirki ba," in ji ta. "Na yi ta bin ofis-ofis, na ce ba za a bar sana'arki ta mutu ba. Allah ya taimaka, akwai wani tallafin na naƙasassu masu sana'a. Famfon ruwa mai aiki da sola, da injin ƙyanƙyasar ƙwai. Na cike komai. Yatsa kawai za ki dangwala."

Abdulmumini ya riga ya buɗe 'yar akwatin tawadar. Ya matso bakin gado, fuskarsa fal annuri, ya dubi wurin da zanin ya kwanta.

"Kin ga ikon Allah, Inna? Da da ƙafa biyu ne, ba mu cancanta ba. Kawo yatsan."

Hajjo ta ɗago kai. Ta dube shi, ido cikin ido, ta daɗe tana dubansa, har ta ga ashe furfura ta fito masa a gemu ba ta sani ba.

"Abdulmumini," ta ce.

Mafici ya faɗi daga hannun Lailatu. Tsohuwar gadon kusa, wadda ta san su tun a Madadi, ta dafe ƙirji ta ce innalillahi. Shi kuwa ya sandare da tawada a hannu, bakinsa a buɗe, don bai taɓa jin yadda sunansa yake a wannan muryar ba.

Badi'a ta dubi wannan ta dubi wancan. "Lafiya? Me ya faru?"

Hajjo ta juyo gare ta. "Yarinya, akwai tambayar da kika yi min ranar da kika fara zuwa. Kika ce in faɗi suna. To shi ke nan na faɗa. Kajin nasa ne, zoɓon na matarsa ne. Ni kwana uku na sha fanka. Rubuta."

Badi'a ta juya fom ɗin gaba da baya. Wannan na naƙasassu ne, babu gurbin waccan tambayar a jikinsa. Wancan kuwa an rufe shi tuni, an kai Abuja, an buga kalanda dubu biyar da shi. Ta tsaya riƙe da biro, hawaye yana ɗiga a kan takardar.

"Inna," in ji Abdulmumini da ƙyar, "a gaban mutane?"

"A gaban mutane aka ɗora min kaza a cinya. Ƙafa na ba ka, Abdulmumini, ka ci lafiya. Yatsan nan kuwa da abina za a binne ni."

Ta naɗe hannun dama ta cusa cikin zani.

Ya rufe tawadar a hankali, ya fita, Zulaihat ta ɗauki kular kazar ta bi shi. Tagar ɗakin a buɗe take, kuma a gindinta suka tsaya, don haka babu wanda bai ji su ba.

"Ciwon nan ya taɓa mata kai," in ji shi. "Kin ji fa, sunana ta kama. Har sau biyu. Inna a cikin hankalinta ba za ta yi haka ba."

Zulaihat ta ce, "To shi taɓin kan, ba su da fom ɗinsa?"

Hajjo ta ji. Ta ƙara tura hannun can ƙasa, ta danne shi da ƙafar da ta rage mata.